Uwar Mutumin Gusau

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran mahaifiyata a Bungudu, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya, bayan ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Mun yi mata sutura, maza suka kai ta makwancinta, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi.

Jama'a sun zo, ba laifi. An zo daga Gusau, an zo daga Tsafe inda nake aure, danginta na ruga ma sun tako daga wajen Wonaka da sandunansu da ƙoren nono. Amma abin da kunnena ya jiye mini a zaman makokin nan ya hana ni sukuni har yau. A zaure maza suka yi mata addu'a, tafin hannunsu bai gama sauka daga fuska ba suka bar ta suka koma kan ɗanta, wato yayana, wanda ya rasu tun Turawa na mulki. Ina jin wani dattijo ta bayan katanga yana cewa, "Allah shi jiƙan uwar mutumin kirki. Da wanga mutum ya yi rai, da ƙasar ga ba haka take ba." Sauran suka amsa masa, aka shiga lissafin wanda da bai hau mulki ba da wanda da ba a kashe ba. Wadda aka taru dominta kuwa ba a sake ambatonta ba sai da wasu baƙi suka yi sallama.

A cikin gida mata suna tasu. Wata ta ce, "Mace mai kunya ke nan. Ranar da ɗan farinta ya mutu ko ɗigon hawaye ba a gani ba." Wata ta ce ai Bafillata ce ta gaske. Wata kuma daga gindin rumbu, tana tsammani ban ji ba, ta ce, "Kunya ko taurin zuciya? Ni dai ban taɓa ganin uwa irinta ba."

Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya kwana da magana. Ranar dai na haɗiye, don gawa ba ta daɗe da fita ba. Amma ba zan yarda a binne Inna da wannan shaida ba. Yaya ne ya koya mini karatun boko a kan tabarma, yana ranƙwashina in na juya harafi, to yau ga ranar abin da ya koya mini.

A ruga aka haife ta. Gidanmu kuwa gidan ma'aikata ne tun kakanni, Baba magatakardan alƙali ne. Ya gan ta ne wata rana da ta rako mahaifinta shari'ar shanu da suka shiga gonar wani, aka gama shari'a, Baba bai gama kallo ba. Ta shigo gari ta zauna har tsufa, amma garin bai taɓa shiga jikinta ba. Kullum akwai saniya a bayan ɗakinta, in wannan ta tsufa 'yan'uwanta su koro mata wata. Ban taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba, sai ta juya baya take ci. In ciwo ya kayar da ita aka ce, "Inna, ina ke miki ciwo?" sai ta ce, "Ba a hwaɗi." Yunwa ba a faɗi. Gajiya ba a faɗi. Wani ya ɓata mata rai ba a faɗi. Ni kuwa auta, komai sai na faɗi, har takan ce Allah ya kwashe maganar gidan nan kaf ya juye a bakina.

Amma a tambayi matan unguwarmu da nononsu ya ƙafe suna goyo. Da sassafe mace za ta buɗe ƙofa ta tarar da 'yar ƙwarya a rufe da faifai, madarar da ɗuminta. In aka zo yi mata godiya sai ta ɗaure fuska ta ce, "Ina na sani? Ni kaɗai ke da saniya garin ga?" Alhali a unguwar ita kaɗai ce.

Yaya shi ne ɗan farinta. A ƙasarmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in an yaye shi kuma dangi su ɗauka. Shi Goggo ce ta ɗauke shi, yayar Baba da ke aure a Gusau. Kowace mace tana yin wannan kunya, ni ma na yi. Sai dai yawancin mata in shekaru sun ja sukan sassauta, har a gan su suna hira da ɗan. Inna ba ta sassauta ba. Ta haɗa kunyar gari da ta ruga ta ɗaura a ka. Sunansa a bakinta "mutumin Gusau". In wani yaro a unguwa sunansu ɗaya, shi ma ya rasa sunansa a wajenta, sai dai "kai, yaron ga".

Zuwansa gaisuwa kuwa abin kallo ne. Zai tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, babban mutum da rawaninsa, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ina wuni." Ita kuma ta karkata ga bango tana murza mazarinta, ta amsa wa bangon, "Lahiya." Can sai ta ce da ni, "Ke, tambayi mutumin Gusau ko ya ci abinci." Shi kuma ya ƙyafta mini ido ya ce, "Ki ce mata mutumin Gusau ya ci, amma in akwai hura ba shi ƙi." Furar kuwa kullum tana nan a dame, da kindirmo mai kauri, ko da babu wanda ya aiko cewa yana tafe. Yadda take sani, wannan ma ba a faɗi ba.

Malamin makaranta ne da farko. Da aka fara maganar Turawa za su tafi su bar mana ƙasa, aka zaɓe shi ya riƙa zuwa majalisa a Kaduna. Ba don yayana ne ba, mutumin nan Allah ya yi masa baki da farin jini. Yana jin Fillanci, yana jin Turanci, ya kuma tsinci harsunan mutanen Kudu a wajen ma'aikatan jirgin ƙasa na Gusau, har ya zauna da su a yi ta ƙyaƙyata dariya. Wata shekara manoma da makiyaya suka ja daga a wajen Kwatarkwashi a kan burtali, hanyar da shanu ke bi, waɗannan da kwari da baka, waɗancan da sanduna. Ya iso a kan keke rana tsaka, gumi na zuba. Kowane ɓangare ya aiko masa da abin sha, manoma da fura, makiyaya da nono, don a ga na wa zai karɓa. Ya ce shi kam ba ya iya shan fura gaya, nono zalla kuma yana ɓata masa ciki, sai dai a haɗa masa a ƙwarya ɗaya. Aka haɗa. Ya sha, ya miƙa wa dattijon manoma, ya miƙa wa arɗo. Kafin la'asar ana tafe ana kafa duwatsu a gefen burtalin.

Daga nan magana ta bazu. Lokacin Baba ya riga ya rasu, ƙanensa ne ke riƙe da gida, muna ce masa Baba Ƙarami. Shi ne ya zama kakakin Yaya, duk inda aka je yana gaba da babbar riga. Yakan ce, "In Turawa sun tahi, wanga yaro za a ba ƙasa. Ba Arewa kaɗai ba, har Ikko." Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, manya ma sun faɗa. Inna tana ji daga tsakar gida, mazarinta na juyawa.

Ƙarshen wata damina ya fita rangadin ƙauyuka, daga Bungudu ya bi ta Magami ya ɓullo Tsafe, da niyyar daga can ya wuce Kaduna. A gidan mijina aka sauke shi, Baba Ƙarami da direba suna riƙe da shi. Ina ɗaga ido na ga ƙwayar idonsa ta yi rawaya kamar garin ɗorawa. Ciwon shawara ne, ya riga ya ci jikinsa. Na hau shi da faɗa ina kuka, na ce wane irin mutum ne kai, ba wanda ya ce ka kwanta? Ya ce an faɗa, likita ma ya faɗa tun a Gusau, amma ya yi wa mutane alkawari. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Duk duniya mutum ɗaya ce za ta ce in zauna in zauna. Ita ko ba ta magana da ni."

Muka nemi a mayar da shi asibiti a Gusau. Ruwa ya cinye hanya, motar ta je ta dawo. Ya kwana biyu a ɗakina yana shiga yana fita daga hayyacinsa. Wata safiya da ya ɗan farfaɗo ya kira ni ya ce, "Auta, kin taɓa jin Inna ta kira sunana?" Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce ban taɓa ji ba. Ya ce, "Ko sau guda?" Na girgiza kai. Ya kalli rufin ɗaki ya ce, "To, Allah shi bar muna ita." Kafin azahar ya cika. A Tsafe aka binne shi.

Da hanya ta buɗe na tafi Bungudu. Gida ya cika maƙil, Goggo tana birgima a ƙasa an rirriƙe ta, maza a zaure suna share hawaye da bakin rawani. Na duba ɗakin Inna ba ta nan. Na zagaya baya na same ta a tsugune tana tatsar saniya, ta kafa goshinta a cikin dabbar, madara na zuba a ƙwarya kamar kowace safiya. Kaina ya yi zafi. Na ce, "Inna, ɗanki ya mutu a hannuna, ke kina nan kina tatsa? Wace irin uwa ce ke? Ko kaza aka ɗauke wa ɗa tana kuka." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin tsorata saniya." Na ce ta faɗi wani abu, ko da kalma ɗaya ce, in san ta san an yi mutuwa. Ta ce, "Ba a hwaɗi." Na kwashi gyalena na fita. Har yau ban ce na yi laifi ba, abin da idona ya gani na faɗa. Daga ranar ƙafata ta ɗauke daga Bungudu, sai da salla nake leƙawa, in gaishe ta a tsaye in juya.

Haka muka zauna har 'yan shekaru, ana ta shirin karɓar mulki, ana zaɓe, kowa na rantsuwa da da Yaya na nan da ba a yi gardamar wanda zai ja gaba ba.

Sai nawa ɗan farin ya kwanta. Yaro ne ƙarami a lokacin, yana ɗakin kakarsa, uwar mijina, a cikin gida ɗaya da ni. Zazzaɓi ya kama shi har yana sanƙarewa. Dangin miji sun cika ɗakin, wannan ta ce a turara, waccan ta ce a jira malam. Ni kuwa ina tsakar gida ina daka, ina dakan abin da ya riga ya daku, kunnena na ɗakin, ƙafata ta kasa zuwa. Ni mai bakin nan, ni da na zagi uwata, ga ni ina yin abin da ta yi. In na shiga za a ce ba ni da kunya, a yi ta yi da ni har jikokina.

Ina cikin haka na ji sallama. Inna ce, ƙafafunta butu-butu da ƙasa, ta sauko daga motar gyaɗa, ashe labarin ciwon yaron ya kai mata har Bungudu. Matar da ba ta taɓa taka gidan surukai ba. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta karɓe taɓaryar daga hannuna ta jingine, ta ce, "Mi kike yi nan?" Na ce, "Inna, mutane." Ta ce, "Shiga." Na ce, "Ai ba a yi." Ta kama damtsena, ban san tsohuwar nan na da ƙarfi haka ba, ta ja ni har ƙofar ɗakin ta tura ni ciki a gaban kowa. Ta ce, "Ɗauki ɗanki. Kira sunanshi shi ji. Asibiti za mu, yanzu."

Na ɗauke shi. Na kira sunansa, karo na farko tun da na haife shi, ya buɗe ido ya dube ni. Uwar mijina ta riƙe baki. Inna ko kallonta ba ta yi ba, ta fita bakin hanya da kanta ta tsayar da mota.

A Gusau aka yi masa allura, aka ba mu gado. Da rana ta yi sanyi, jikinsa ya ɗan sauka ya yi barci, muka fito muka zauna a gindin wata bishiya a harabar asibitin. A nan ta yi mini maganar da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo.

Ta ce ranar da mutumin Gusau ya zo sallama kafin rangadin nan, da ya kafa kai a ƙwaryar fura, ta saci kallonsa. Ta ce kullum haka take yi, lokacin nan kaɗai take samun ganin fuskarsa. Ya ɗago, ta ga idon. Ta san ciwon, shi ya kashe ƙanenta a ruga. Ta ce, "Bakina ya buɗe. Sunan ya taho har nan," ta dafa maƙogwaronta. Amma matan gida suna zaune, Baba Ƙarami na tsaye a ƙofa yana cewa a yi sauri rana na yi. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗauko saiwar rawaya, maganin shawara, ta jiƙa ta ɗura a gora. Ta kira Baba Ƙarami gefe ta ce, "A ce ma mutumin Gusau rana ta yi yawa, shi huta. Ga wanga shi sha." A ganinta ta faɗi komai. A ruga in uwa ta aiko da irin wannan magana, an san tafiya ta fasu.

Baba Ƙarami mutumin gari ne, kuma hankalinsa na kan taron da ke jiransu. Ya fita zaure ya ce da ƙarfi, "Tsohuwa ta ce Allah shi kiyaye hanya, ga ruwan guzuri."

Ta ce, "Na ji shi da kunnena. Tsakanina da zaure ba nisa. Na tashi, na kai bakin ƙofa, na ga maza. Na tsaya. Ina tsaye mota ta tashi." Sannan ta ce, "Na san in na ce shi zauna, zama zai yi. Ban taɓa roƙonshi komi ba."

Bayan rasuwar Yaya, Baba Ƙarami ya dawo mata da gorar babu komai ciki. Ya ce direba ya kurɓa a hanya ya ji ɗaci, suka ce ruwan ya lalace, suka zubar. Na san gorar. Tana rataye a bangon ɗakinta, saitin inda take juya fuska, na sha ganinta ban taɓa tambaya ba.

Na ce, "To, Inna, ranar da na same ki kina tatsa fa?" Ta ce, "Kin ga huskata?" Na ce ban gani ba, tana jikin saniya. Ta ce, "To."

Na rantse sai na je na wanke Baba Ƙarami tas. Ta hana ni. Ta ce shi abin da aka ba shi ya kai, ita ce ta ba shi maganar a ƙudundune. Ta sa na yi alkawarin ba zai ji ba, bai kuwa ji ba har ya koma ga Allah, ya riga ta. Shi ya sa yau nake iya rubutawa.

Ɗana ya tashi. Muka koma muka shirya, ni da ita, ba tare da wani ya ce wa wani yi haƙuri ba. Amma azabar da ta sha daga baya, ni kaɗai na san ta. Zauren gidanmu ya zama wurin da ake raya Yaya kullum. Ranar da aka sauke tutar Turawa ana kaɗe-kaɗe, Baba Ƙarami ya zauna yana kuka yana cewa wanda ya kamata ya karɓa yana kwance a Tsafe. In kuɗin gyaɗa ya faɗi, da yana raye. In makiyaya da manoma sun zubar da jini, da yana raye. Liman ya sha tsawata musu cewa wannan magana jayayya ce da hukuncin Allah, su yi istigfari, gobe su koma. Su a wajensu yabo suke yi. Ba su san kowace kalma tana tsallake katanga ta sauka a kan matar da ta tsaya a bakin ƙofa ba.

Ranar da aka wayi gari rediyo ya ce sojoji sun kashe manyan ƙasa, ina Bungudu. Gari ya yi tsit. Baba Ƙarami ya shigo har tsakar gida yana dogara sanda, ya tsaya a kan Inna ya ce, "Kin gani? Da ɗanki na raye da ba a yi haka ba. Da ya haɗa kan kowa." Na zaci za ta yi shiru yadda ta saba. Ta ajiye mazari ta ce, "Ko kuma da shi za a hwara." Ya ce, "Haba, wace irin magana ce wagga?" Ta ce, "Ku kun san abin da zai zama. Ni ban sani ba. Ni dai na san ya sha hura ya tashi ya tahi." Ya fita yana girgiza kai, ya gaya wa mutanen zaure cewa matar nan zuciyarta dutse ce. Daga bakinsa maganar ta samo asali, ita ce har yau take yawo a gindin rumbu.

Ni kaina abin nan ya daɗe yana cina. Wani lokaci in ce gaskiyar mutanen zaure ne: mutumin da ya sa arɗo da manomi suka sha a ƙwarya ɗaya, wataƙila da ya iya da Kudu da Arewa, wataƙila da 'ya'yan mutane da yawa da aka kwasa zuwa yaƙi suna nan suna noma. In na bi wannan hanya sai tsoro ya kama ni, don ƙarshenta yana kai ni ga wata mace a tsaye a ƙofar zaure a Bungudu, da kalma ɗaya a maƙogwaro. Anya ƙasa guda za ta rataya a kan wannan? Wani lokaci kuma in tuna abokan tafiyarsa da suka yi rai. Na ga waɗanda mulki ya kumbura su har ba su gane hanyar ƙauyensu, na ga waɗanda aka harbe. Ban da tabbacin wanne Yaya zai zama a ciki. Ban ma da tabbacin in ya zauna ya sha rawayar zai tashi, shawara ta kashe waɗanda suka kwanta tun ranar farko. Na taɓa gaya mata haka don in sanyaya mata rai. Ta ce, "Na sani. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da ya mutu ya ji."

Ƙasa ba ita ce ta dame ta ba. Mutanen zaure shugaba suka rasa, kuma suna da bakin faɗi, sun faɗa har sun gaji. Ita ɗa ta rasa, ba ta da inda za ta kai.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ranar ƙarshe bayan la'asar ɗakin cike yake da mata, ana ta karanta mata kalmar shahada tana amsawa a hankali. Sai ɗana ya yi sallama, wancan da ta tura ni na ɗauka. Yanzu magidanci ne, yana aiki a Kaduna, ya zo dubiya zai koma, mota na jiransa a waje. Duk dangi sun san ya ɗebo kamannin kawunsa, har tsayin da yadda yake sunkuyar da kai. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙofa da jakarsa a hannu, ya ce, "Inna, zan koma."

Ta juyo. Ba bango ta kalla ba, shi ta kalla, ido cikin ido. Ta buɗe baki ta kira sunan Yaya, cikakke, da muryar da ban san tana da ita ba, har na zaure suka ji. Ta ce, "Zauna. Idonka ya yi rawaya. Ba inda za ka."

Matan ɗakin suka sunkuyar da kai, kunya ta kama su a madadinta. Wata ta raɗa cewa zafin ciwo ne, ba ta san abin da take faɗi ba. Ni na san ta sani. Maganar nan ta fi shekarun ɗana a bakinta.

Ɗana ya dube ni. Shi kaɗai na taɓa ba labarin gorar. Ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa, ya shigo ya zauna a gefen gadonta ya ce, "Na zauna, Inna." Ta kama hannunsa. Hawaye suka gangaro mata ta gefen ido har cikin kunne, a gaban kowa, ba ta juya baya ba. Direba ya yi ta danna ƙaho a waje har ya gaji ya tafi. Ba ta saki hannun ba sai da rai ya fita.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya yafe miki abin da kika faɗa da abin da kika kasa faɗi, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da mutumin Gusau a inda babu idon kowa. Mai maganar gindin rumbu kuwa tana cikin ɗakin ranar, ta ji da kunnenta, ta gani da idonta. In ta manta, ta zo Tsafe, gorar tana rataye a ɗakina.